KYAMARAR DA AKA CE AN SACE

SHAFI NA 14

Masu cewa na cika jan rai, to ga ni. Masu zagin Yaya a ƙasan shafin jiya kuma ku ɗan rage wuta, ku adana saura, don za ku neme shi kafin ku kai ƙarshen wannan.

* * *

Auta ba ta yi sallama ba. Da kafaɗa ta tura ƙofar gilashin ta shiga, hannunta ɗaya dafe da jakar da tsohon hoton nan yake ciki.

Yau ne farkon zuwanta shagon hoton mijin yayarta. Shekara da shekaru Yaya na hana ta da dabara. Yau ta ce ba ya son dangi a wurin aiki, gobe ta ce wurin duk maza ne, jibi ta ce nisa ne, me za ki je yi. Ita kuma baiwar Allah ta yarda, don ko ba a hana ta ba, ba ta son jin ƙarar ɗaukar hoto tun da ta rasa tata kyamarar.

Ba kowa a ɗakin jira. Kujerun roba ne a jere, da fanka tana ta kai da komo, da labule mai kauri da ya raba nan da ɗakin ɗaukar hoto. Ta ɗaga labulen.

Idonta bai tsaya kan manyan fitilun ba, bai tsaya kan zanen gida mai bene da aka rataye don mutane su tsaya a gabansa ba. Kai tsaye ya tafi kan wata 'yar durowar gilashi da ke lungu.

Kyamararta tana ciki.

An ɗora ta a kan farin ƙyalle ita kaɗai. 'Yar ƙarama, ruwan azurfa, ba ta wuce girman sabulun wanka ba. Ga lotsewar nan a gefe, ta ranar da ta kuɓuce mata a bakin famfo. Ga jan salatef ɗin da Baba ya naɗe murfin memori da shi da ya fara ɓallewa. Ga igiyar ratayawa da ya ɗinka mata da ragowar shuɗin yadin wani mai kawo ɗinki, ya ninka ta sosai don kada ta tsinke.

Auta ta matsa gaban durowar.

Wallahi ni mai ba ku labarin nan sai da idona ya kawo ruwa, don na san abin da 'yar abar nan take a wurin yarinyar. Baba tela ne, bai taɓa sayen abin da ya wuce buƙata ba sai ranar da ya shigo da ita a aljihu ya ce, "Ungo, tunda ke komai sai kin tsaya kin ƙura masa ido." Da ita take kwana, a ƙarƙashin filo. In ta danna, idon ya turo kansa waje da 'yar ƙara, zuuu, sai ka ga fuskarta ta washe. Ba wanda ya tsira a layinsu. Ta ɗauki mai wanki yana gyangyaɗi a kan dutsen guga, ta ɗauki yara suna tsalle cikin ruwan sama, ta ɗauki Inna da ludayi a hannu tana faɗa. Har mata suka fara aikowa a kira ta in suna da taro. A lokacin kowa ya san abin da Auta za ta zama. Yanzu kuwa tana wani shagon fotokwafi tana jera wa mutane takardu.

"Wa nake gani haka? Auta? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara!"

Mai Hoto ne, mijin Yaya, ya fito daga ɗan ɗakin da kwamfutarsa take, tumbinsa a gaba, bakinsa har kunne.

"Ina wuni, Baban yara."

"Lafiya lau, ƙanwata. Zauna mana, kin tsaya kamar wadda aka aiko."

Ba ta zauna ba. Ta nuna durowar da baki.

"Waccan fa?"

Ya yi dariya har da dafa ciki.

"Ai wannan ita ce uwar shagon. Duk abin da kike gani a nan ita ta haife shi. Da ita na fara, ina yawo a ƙafa makaranta makaranta ina ɗaukar 'yan ajin ƙarshe. Ko da na samu manya ban yarda ƙura ta hau ta ba. Kullum ina ce wa yayarki ina son in gode miki baki da baki, ita ke hana ni."

"Ka gode mini?"

"Eh mana. Ba ke kika ba ni ba?"

Auta ta kalle shi. Ta nemi ƙarya a fuskarsa ta rasa. Mutumin nan da gaske yake.

"Haka ta ce maka?"

"Haka ta ce. Ta ce tun da Baba ya rasu ba kya son ganinta, kin ce a fitar miki da ita daga gidan, kuma kada wanda ya sake yi miki zancenta. Shi ya sa ko mun haɗu nake kame bakina." Murmushinsa ya fara raguwa. "Lafiya dai ko?"

Auta ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"Bari in ba ka nawa labarin, Baban yara. Bayan rasuwa da 'yan kwanaki matarka ta ce in ba ta kyamarar ta kai a wanke wa Inna hotunan Baba. Ta fita. Da yamma ta dawo tana kuka tana birgima, jakarta a yanke tun daga sama har ƙasa. Wai ɓarawo ya bi ta a mota da reza."

"A'a..."

"Ni na ɗaga ta daga ƙasa. Ni na kawo mata ruwa. Ni nake ce mata Yaya ki yi haƙuri, tunda ke ba a yanke ki ba ai da sauƙi."

Mai Hoto ya nemi kujera ya zauna. Zufa ta keto masa duk da fankar.

Daidai nan suka ji an turo ƙofar waje, suka ji ƙarar takalmi, da muryar da Auta ta sani tun tana goye.

"Kai ma dai ka bar ƙofa a buɗe ba kowa a..."

Yaya ta ɗaga labule, kular abincin mijinta a hannu. Kullum a wannan lokacin take kawo masa, Auta ta bincika kafin ta zo.

Kular ba ta faɗi ba. Yaya ba irin matan da abu ke faɗuwa daga hannunsu ba ce. A hankali ta ajiye ta a kan tebur, ta gyara mayafi, ta kalli ƙanwarta, ta kalli durowar, ta kalli mijinta.

"Auta. Me kike yi a nan?"

"Na zo ganin ɓarawon mota."

"Ki iya bakinki."

"Da wace reza kika yanka jakar, Yaya? Ta Baba da yake farke ɗinki da ita?"

"Ke, ni sa'arki ce?"

"Sa'ata ba za ta yi mini abin da kika yi mini ba."

Mai Hoto ya ɗago kai.

"Maman yara, gaskiya ne abin da yarinyar nan take faɗa?"

"Kai ka yi shiru, wannan maganar gidanmu ce." Ta juya ga Auta. "Wa ya kawo miki gulma? Faɗa mini munafukin."

Auta ta zuge jaka ta ciro hoton ta ɗora a kan tebur. Wata yarinya ce cikin kayan makaranta a gaban farin bango, hoton ya tsufa har ya fara ja.

"Ba wanda ya faɗa mini. Wata mata ce ta kawo shi shagonmu a sa masa leda. Duba nan sama, ta hagu."

Wani ɗan baƙin ɗigo ne, kamar kashin ƙuda.

"Tun ranar da ta faɗi a bakin famfo datti ya shiga idonta, duk hoton da ta ɗauka sai ya fito da shi a wannan wurin. Ba wanda ya sani sai ni, don ni ba na ɗaukar mutum sai na karkata hannu na ɗora ɗigon a kan abu mai duhu, ko inuwa, ko reshen bishiya, ko bakin ƙofa. Shi kuwa mijinki ya tsayar da 'yar mutane a gaban farin bango. Ina gani na gane. Na juya bayan hoton, sai ga tambarin shagon nan."

"Ni da na ɗauka injin wankin hoto ne yake sa shi," Mai Hoto ya faɗa a sanyaye.

Ba wadda ta kula shi.

Yaya ta ja numfashi, ta sauya murya. Ku da kuke tare da mu tun farko kun san wannan muryar, ita take fitowa da ita in ta ga an rutsa ta.

"To na ji. Na ɗauka. Mijina ba shi da aikin yi, ina da ciki, ke kuma kina ta ɗaukar kaji da yaran maƙwabta. Abin ya wuce, Auta. Ɗauki abarki ki tafi. Kina son sabuwa ma, babba, a ba ki yau ɗin nan. Magana ta mutu a ɗakin nan."

"Ba za ta mutu ba."

"Me kike so?"

"Inna na hanya."

Wannan karon fuskar Yaya ta motsa.

"Kin ce me?"

"Na ce mata Baban yara zai ɗauke ta hoto mai kyau a sa a falo. Na tare mata mota da kaina kafin in taho. Ina so ta zauna a kujerar can, ki tsaya a gabanta, ki faɗa mata da bakinki wa ya yanka jakar."

"Ba ki da hankali? Kin san hawan jininta. So kike ki kashe ta?"

"Kin tuna jininta ranar da kike birgima a tsakar gida?"

"Auta, don Allah..."

"Kin san abin da Inna ta ce mini a lokacin? Na daina cin abinci, ina kwana ina kuka. Ta shigo ɗaki ta tsaya a kaina ta ce, kin ban kunya, kukan da kike yi wa abin wasa ko ubanki ba ki yi masa ba. Har yau in ta kalle ni ina ganin maganar a idonta. Kina tsaye a bakin ƙofa lokacin da ta faɗa, Yaya. Kina ji. Ba ki ce komai ba."

Yaya ta kau da kai.

"Baban yara, ba ni makullin durowar."

Jiki ba ƙwari ya laluba aljihu ya miƙa mata. Ta buɗe, ta sa hannu biyu ta ɗauko ta. Nauyinta bai canza ba. Yatsanta ya tafi da kansa ya zauna inda ya saba zama, inda fentin ya goge. Ta so ta yi kuka, ta hana kanta, don ta rantse Yaya ba za ta ga hawayenta yau ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka." Ta juya ga Mai Hoto. "Ka taɓa cire memorin nan?"

"Ban taɓa ba. Na ga an naɗe murfin, na ji tsoron in ɓalla. Da waya nake haɗa ta da kwamfuta in juye hotuna. Amma ki yafe ni, ƙanwata, na cikinsa duk na goge tun farko, ta ce kin kwashe naki..."

"Ban damu da na memori ba."

Ta ciro sababbin batura daga jaka ta zura. Sannan ta sa farce ta fara ɓare jan salatef ɗin a hankali, ta zare memorin ta ajiye.

"Kyamarar nan tana da ɗan wurin ajiya a cikinta, nata na kanta. Ba ta nuna shi sai in babu memori. Wata rana na bar memorin a wurin masu wankin hoto, na dawo na tarar Baba ya ji ƙarfin jikinsa har ya zauna a kan keke. Ya ce in ɗauke shi mai motsi. Na ɗauka, ya shiga nan." Ta shafa kyamarar. "Shi ne kaɗai wurin da muryarsa ta rage a duniya. Shi nake wa kuka, ba abin wasa ba. Ban faɗa wa Inna ba, don in ta san akwai muryarsa kuma an sace, da ta bi shi."



Ta danna. Idon kyamarar ya turo kansa waje, zuuu. Ɗan allon bayanta ya kawo haske.

Ga Baba.

Yana zaune a kan keken ɗinki, ya rame, rigar ta yi masa yawa, tef ɗin awo a wuyansa. Sautin ƙarami ne, yana shaƙewa, amma shi ne.

"Ta kama? Yanzu ina ciki ke nan?" Ya yi dariya, tari ya biyo baya. "To me zan ce? Ni ban iya maganar rediyo ba. Auta ce ta sa ni. Autata mai ido. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki ci abinci da abin nan."

Mai Hoto ya rufe fuska da tafin hannu.

A cikin allon wata ta gifta da roba cike da wanki, ta tare taga, fuskar Baba ta yi duhu. Yaya ce, da ɗaurin ƙirji, cikinta ya fara fitowa.

"Ke, matsa mana, kin tare mana haske," in ji Baba.

Nan Auta ta danna ta tsayar.

Jama'a, a nan ne na ce kash. Domin ni na sani, Auta ma ta sani, bidiyon bai ƙare ba. Bayan Yaya ta wuce, Baba ya bi ta da kallo ya rage murya ya yi magana a kanta, maganar da duk 'yar da ta ji ubanta ya faɗa a kanta za ta riƙe har kabari. Auta ta haddace ta kalma kalma. Amma zuciya ta riga ta hau, so take ta ga yayarta ta ji irin abin da ta ji.

Ta ɗago ta kalle ta ido cikin ido.

"Kin ji? Shi ke nan abin da ya ce a kanki. Ki matsa."

Yaya ta ƙura wa allon ido.

"Ni ya sa wa albarka. Ke kuwa haske kika tare."

"Auta, ya isa," in ji Mai Hoto.

"Bai isa ba. Inna ma za ta gani."

Ba wanda ya ga lokacin da Yaya ta motsa. Sai dai Auta ta ji an fizge, igiyar shuɗin yadin ta goge mata wuyan hannu, kyamarar ta koma hannun Yaya. Ta ja da baya har ta jingina da zanen gidan benen.

"Ba ni!"

"Tsaya nan."

Matar mai hoto ce, ta san maɓallin da ke da zanen kwandon shara. Ta danna shi. Tambaya ta fito a kan fuskar Baba, a goge ko a bari. Ta matsar zuwa a goge, ta ɗora babban yatsanta a kan maɓallin tsakiya. Ta juyo da allon don Auta ta gani da kyau.

"In kika ƙara taku ɗaya, na danna."

Auta ta daskare.

"Yaya... Yaya, don girman Allah."

"Au, yanzu na zama Yaya? Ɗazu ɓarawon mota ce."

"Maman yara, ki ji tsoron Allah, ajiye abin nan."

"Na ce ka yi shiru!" Hawaye ya ɓalle mata, ba ta share ba. "Kin san wankin me ke cikin robar nan? Zanen gadonsa ne da ya ɓata da dare. Ni nake wankewa. Ni nake juya shi, ni nake ba shi magani, ni nake tare masa kwano in zai yi amai, da cikina da komai. Na bar ɗakin mijina na dawo na kwanta a ƙasa kusa da shi. Ke kina ina? Kina layi kina ɗaukar mai wanki."

"Na sani, Yaya..."

"Ba ki sani ba! Na bar makaranta don ke ki yi. Bai taɓa shigowa da ko ɗan kunne a aljihu ya ce ungo ba. Ke ya saya wa kyamara. Kuma duk hotunan da kika cika ta da su, na duba su ɗaya bayan ɗaya kafin in ba shi ya goge. Ba ni a ko ɗaya, sai dai bayana, ko hannuna a cikin wanke-wanke. Kaza ma kin ɗauke ta ta fi ni kyau."

Gaskiya ne, kuma Auta ba ta taɓa lura ba sai yau.

"Na ɗauka, kuma ban yi nadama ba. Na ce ko sau ɗaya a rayuwata ni ma in ci wani abu daga hannun Baba."

"Ki saurare ni. Bai ƙare ba. Akwai saura."

"Sauran me?"

"Ya yi maganarki. Bayan kin wuce ya yi maganarki. Wallahi tallahi. Ni ce na tsayar don in ƙona miki rai."

Yaya ta yi dariya cikin kuka.

"Yanzu kika ce shi ke nan."

"Ƙarya na yi!"

"Ko yanzu kike yi."

"Ki koma baya ki kunna ki ji da kunnenki. In babu, ki goge, na yafe."

"In kunna in sake jin ya ce in matsa? A gaban Inna? A gaban mijina?" Ta girgiza kai. "Ga sharaɗina. Ki fita yanzu ki tare Inna a bakin titi. Ki ce ba wuta, ki ce an rufe, ki ce duk abin da kika ga dama, ki mayar da ita gida. Ki rantse mini ba za ta taɓa jin maganar jaka ba. Sai in ba ki abarki."

Auta ta kalli yatsan. Ta kalli rabin fuskar Baba da tambayar ta rufe, bakinsa a ɗan buɗe, yana shirin faɗin abin da ya rage.

Tun ranar da ta ga ɗigon nan ba ta yi barcin kirki ba. Ta tsara yadda Yaya za ta durƙusa, yadda Inna za ta juyo ta ce Auta ki yafe ni. Ta ɗanɗana abin a ranta har ya zame mata abinci. Yanzu ana ce mata ta zubar da shi duka, ta koma gida a matsayin wadda ta fi son abin wasa a kan ubanta.

"Ina jiranki," in ji Yaya.

"Ki ɗauke yatsanki tukuna. Hannunki rawa yake."

"Rantse."

"Ki ɗauke, Yaya, maɓallin nan ba ya son nauyi, na san shi..."

"Rantse na ce!"

Auta ta rufe ido.

"Na ran..."

"Muryar wa na ji?"

Daga bayan labule maganar ta fito.

Yaya ta zabura gaba ɗayanta.

Ƙit.

'Yar ƙara ce, ba ta kai ta tsinkewar zare ba, amma duk su ukun sun ji ta.

Labulen ya ɗaga. Inna ce, da sabon mayafinta da ta yafa don hoto, hannu ɗaya riƙe da labule, ɗaya dafe da ƙirji. Ashe ta jima da shigowa. Tana ɗakin jira ta ji dariyar da ta yi shekaru ba ta ji ba, ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta, ta zauna a kujerar roba tana jin hayaniyarsu sama sama, ba ta fahimtar komai, kunnenta na wurin murya ɗaya.

"Na ce muryar wa na ji? Malam ne. Wallahi Malam ne, na san tarinsa."



Yaya ta juyo da kyamarar a hankali ta kalli allon. Auta ma ta matso ta kalla.

Shuɗi ne fetal. Ba keke, ba awo, ba Baba.

Inna ta tako, idonta da ba ya gani sosai yana neman abin da ke hannun babbar 'yarta. Fuskarta ta cika da wata irin murna da Auta ba ta sake gani ba tun kafin rasuwa. Ta miƙa hannu biyu.

"A cikin 'yar abar nan yake? Allah ya yi muku albarka, 'ya'yan nan, ashe abin da kuka kira ni in gani ke nan." Ta share ido da bakin mayafi. "Ku sake kunna mini daga farko. Ban ji ƙarshen ba."